Barhun Marini da Littafin Malam Zakkai

Yayana Barhun ya girme ni da shekara shida, kuma tun da na yi wayo abu biyu na san shi da su: murya da gardama. In yana magana a marinarmu da ke bayan ganuwar Kairawan, masu sayar da zaitun a bakin ƙofar gari suna jin duk abin da yake faɗa, wani lokaci har su aiko da amsa. Mahaifinmu marini ne, kakanmu ma haka. An kai Barhun makarantar majami'a yana ɗan shekara biyar kamar kowane ɗan Bayahude a unguwarmu. Ya koyi baƙaƙe, ya haddace addu'ar safe da ta yamma, daga nan ya tsaya cak. Malamin yara da kansa ya zo gida ya sami mahaifinmu.

"Ɗan nan naka ba daƙiƙi ba ne," in ji shi. "Amma duk layin da na karanta masa sai ya ce wa ya faɗa, a ina kuma ya gani. Don Allah ka ɗauke shi kafin ya sa mini furfura."

Yana shekara tara aka miƙa masa muciyar rini, aka ce ya je ya yi gardama da baban rini.

Mu biyu muka gaji karofi bakwai da manyan tukwanen tagulla biyu. Karofi na baba ne, a cikin ƙasa yake, ba ruwansa da wuta. Ka zuba baba da toka da ruwa, ka bar su kwanaki suna ruɓewa har kumfa ta taso. Tukwanen kuwa na jan rini ne da rawaya, su dole a hura musu wuta. Hannuwan Barhun shuɗi ne har gwiwa. Matarsa Surura, wata gajeriyar mace mai saurin baki, takan ce da aka kawo ta gidan ta ɗauka wanka zai fitar, ta yi wata uku tana ƙarar da sabulu kafin ta haƙura.

A lokacin, alƙalin jama'armu kuma babban malaminmu shi ne Malam Zakkai, siririn tsoho mai ƙaramar murya, kullum cikin farar riga tas. Tambayoyi sukan zo masa da ayari daga Fas da Sijilmasa, da jirgin ruwa daga Sikiliya da Masar. Wannan a kan rabon gado, wancan a kan takardar saki da ruwa ya taɓa, wani kuma a kan katangar da ke tsakanin maƙwabta. Yakan amsa kowace a rubuce, ɗalibansa su kwafa a aika. Amma babban aikin da ya sa a gaba littafi ne. Muhawarar magabata a kan shari'armu yawa gare ta. Mutum zai karanta shafi goma, wannan ya ce, wancan ya mayar masa, a bar zancen a shiga wani, ya rufe littafin bai san ko an halatta abin ko an haramta ba. Malam ya ƙudura zai tace ta. Kowace mas'ala zai kawo hukuncin da ake aiki da shi da dalilinsa a taƙaice, cikin Larabcin da muke yi a kasuwa, da baƙaƙenmu na Ibrananci. Duk Asabar da yamma yakan karanta wa jama'a babin da ya gama.

Wata Asabar ce cikin bazara, an cika majami'a, rabin mutane suna gyangyaɗi saboda naman da ya kwana a tandar mai burodi ya zauna musu a ciki. Malam yana karanta babin ayyukan da ake farawa ran Juma'a su ƙarasa kansu ran Asabar, ranar hutunmu da aka hana aiki.

"Marini ba zai bar ulu ya kwana cikin ruwan rini zuwa Asabar ba," ya karanta, "sai in ya sauke tukunyar daga wuta tun rana ba ta faɗi ba, ya kuma liƙe bakinta da laka."

"To karofi fa?"

Duk wanda ke barci ya farka. Na kama rigar Barhun ina ja, ya doke hannuna.

"Allah ya gafarta Malam, na ce karofi fa? Ta ina zan sauke shi daga wuta? Ko in tono shi daga ƙasa in aza a ka?"

Aka fashe da dariya. Sai Dunash ya miƙe. Shi ne babban ɗalibin Malam, ɗan masu fataucin alharini, ya yi shekara huɗu yana karatu a Bagadaza kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

"Kai marini, ka san inda kake kuwa? Nan ba bakin rami ba ne!"

"Na sani, ɗan alharini. A bakin rami in mutum ya faɗi abin da bai sani ba, ana gaya masa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam kuwa ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya dubi Barhun da idanunsa ƙanana.

"Ashe karofi ba tukunya ba ce?"

"Malam, ko kusa!"

"To ban sani ba. Gobe da safe zan zo in gani."

Ba wanda ya ɗauka da gaske yake. Amma ran Lahadi da hantsi sai ga shi a kan jaki, Dunash na biye da shi ya toshe hanci da gefen rawani. Wanda bai taɓa shaƙar warin karofin da ya nuna ba, ba zai gane jarumtar tsohon nan ba. Ya sauka, ya zagaya ramukan bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya kamar mai shirin gadon sana'ar. Me ake fara zubawa? Kwana nawa kafin ya nuna? In aka tsoma ulu aka bar shi ba a motsa ba, zai kama? In aka motsa fa, me ke ƙaruwa? Barhun ya samu abin da yake so, ya yi ta zuba bayani har da wanda ba a tambaya ba. Ya tsoma damin zare ya ciro shi kore, ya riƙe a iska ya koma shuɗi a kan idon Malam. Tsohon ya tafa hannu kamar yaro.

"Sake yi in gani!"

Can ya ce yana so ya tabbatar da kansa cewa ruwan ba zafi. Ya durƙusa, ya miƙa yatsa, ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa. Kafin wani ya yi magana, bakin gemunsa ya shiga kumfa. Da ya ɗago, farin gemun nan ya zama kore, muna kallo ya koma shuɗi.

Dunash ya yi salati irin namu, ya kama gogewa da hannun riga.

"Bari, bari," in ji Barhun. "Kana ƙara zaunar da shi ne. Malam, ka yi haƙuri, babanmu mai kyau ne. Sai ya yi wata biyu."

Wata biyun kuwa ya yi. Malam ya yanke shari'u da dama da gemu mai launi biyu, kuma an ce uwargidansa ta yi mako ba ta yi masa magana ba.

Ran Alhamis ya aiko a kira mu. Muka same shi a zauren karatunsa, littattafai buɗe a kowane gefe. Surura ma ta biyo mu, wai ta kawo wa uwargidan Malam gurasa don ban haƙuri, ta shige cikin gida.

"Ku zauna ku ji yadda na bi," in ji Malam. "Na fara neman asalin maganar. Magabata gida biyu ne a kanta. Gida ɗaya ya hana gaba ɗaya. Ɗayan ya halatta, ya ce an umarci mutum ya huta da iyalinsa da dabbarsa, ba a umarci tukunya ba. Wannan gidan ake bi. Amma na bayansu sun sa sharaɗi biyu, kuma ni ba na kwafar sharaɗi sai na san me ya kawo shi. An ce a sauke daga wuta don kada mutum ya manta ya iza itace ran hutu. Karofi ba shi da wuta, na taɓa da hannuna."

"Da gemunka ma," in ji Barhun.

"Da gemuna ma. To wannan sharaɗin ya faɗi. Ku tsoma ulunku ran Juma'a da yamma, ku ciro ran Lahadi."

Barhun ya yi tsalle. Shekara da shekaru marinan garinmu suna kwashe komai daga ramuka tun azahar ɗin Juma'a saboda tsoro, rabin yini yana tafiya a banza.

"Zauna, ban gama ba. An ce a liƙe baki don kada mutum ya zo wucewa ya ɗauki muciya ya motsa. Kai da bakinka ka ce mini motsawa tana ƙara wa rini kyau. Wannan sharaɗin yana nan. Ku rufe kowane rami da katako, ku shafe gefensa da laka."

"Haba Malam! Rami bakwai? Wa zai bar gidansa ran Asabar ya fita bayan ganuwa don ya motsa baba? Ni dai ban taɓa ba."

Sai ga muryar Surura daga bayan labule.

"Allah ya gafarta Malam, kada ka yarda da shi! Mutumin nan ko gidan makoki ya shiga ya ga miya a kan murhu sai ya motsa. Ran Asabar in an fito majami'a yakan ce bari ya miƙe ƙafa, to ka tambaye shi ina yake miƙe ta."

"Kallo kawai nake yi!"

"Yana kallo hannunsa yana rawa, Malam."

Malam ya yi dariya har ya share ido. "Shaida ta tabbata. A liƙe."

Muna shirin tashi sai ya ce Barhun ya dakata. Ya ce littafin nan domin irinsa yake rubuta shi, amma duk wanda yake karanta wa kafin a kwafa masani ne, kuma masani yakan cike giɓi da abin da ya riga ya sani. Yana so Barhun ya riƙa zuwa duk Talata da safe ya saurari sabon babi.

"Ni? Malam, ni ko sunana da ƙyar nake rubutawa."

"Shi ya sa."

"To aikin fa?"

"Ga ƙanenka Sahlan nan."

Haka aka yanke hukunci a kaina ba a tambaye ni ba. Shekara tara duk Talata ni kaɗai nake fama da ramuka bakwai.

Abin da ke faruwa a zauren nan ran Talata, Dunash ne ya ba ni labarinsa daga baya. Malam zai karanta, Barhun yana zaune ya harɗe shuɗɗan hannuwansa. In maganar ta fito sarai sai ya gyaɗa kai ko ya kama musu. In ta cika sarƙaƙiya sai idonsa ya fara lumshewa. Malam bai taɓa tashinsa ba. Yakan ɗauki alƙalami ya yi ɗigo a daidai layin da kan Barhun ya faɗi, washegari ya sake rubuta wurin. Akwai babi guda a kan gadon 'yan'uwa da aka sake sau biyar.

"Yau fa?" Malam ya tambaya a karo na biyar.

"Yau ban yi barci ba, amma ban ji daɗi ba."

"Ba don daɗi aka rubuta shi ba. Ka gane?"

"Na gane. Sahlan ba zai samu komai ba."

In aka zo babin da ya shafi sana'ar da ba tasa ba, Barhun yakan ce shi ba ruwansa, amma ya san wanda ya sani. Ya kawo mahauci da huhun rago a cikin ƙwarya, aka hura shi a gaban ɗalibai don a ga wane irin tabo ne ke yoyo har ya haramta naman. Ya kawo mai haƙar rijiya. Surura ta kawo tsohuwar ungozomar unguwa, wadda ta zauna bayan labule ta gyara wa Malam lissafin watanni har wuri uku. Ɗaliban suka fara gunaguni cewa zauren ya koma kasuwa. Malam ya ce musu duk hukunci ƙafa biyu gare shi, abin da aka rubuta da abin da ya faru, su sun iya ta farko kawai.

To, mutum dai mutum ne. Bayan shekara uku kan yayana ya fara kumbura. A marina in an kawo zane sai ya haɗa wa mai shi da fatawa kyauta. Ya koyi shafa gemu irin na Malam, ya koyi cewa "an yi saɓani a kan wannan." Na yi masa magana ya ce hassada ce.

Maƙwabciyarmu Inna Najiya, wata gwauruwa mai saƙa, ta samu jika namiji na farko. Ran kaciya ta yanka tunkiyarta guda ɗaya tilo, ta ɗora babbar tukunya tun da sassafe. Garin hidima wata ta zo wucewa da kwanon madara, ɗigo ɗaya ya faɗa cikin naman. Inna Najiya ta rikice, don a shari'armu nama da madara ba sa haɗuwa. Gidan Malam da nisa, ga Barhun a ƙofar gida yana sa takalmi.

"Barhun, kai ne ke zama da Malam. Yaya zan yi?"

Ya shafa gemu. "Nama da madara? Inna, ai wannan ba ya buƙatar tambaya. A zubar."

Ta zubar tana kuka. Da baƙi suka taru, Malam Zakkai a cikinsu, sai gurasa da zaitun aka ajiye musu. Malam ya ga idon tsohuwar ya yi ja, ya tambaya, aka ba shi labari. Ya sa aka kawo tukunyar ya duba girmanta, ya tambayi wadda ta ɗauko madarar ko cokali ne ko ɗigo. Sannan ya ja Barhun gefe, ni ma na matsa don in ji.

"Ka ga tukunyar kafin ka yi magana?"

"A'a."

"Ka tambayi yawan madarar?"

Barhun ya girgiza kai. Malam ya ci gaba.

"In abin da ke cikin tukunya ya ninka ɗigon sau sittin, ɗigon ya ɓace, naman halal ne. Wannan tukunyar ta ninka shi sau dubu. Barhun, cewa haramun ba ya buƙatar karatu, kowane matsoraci zai iya. Aikin malami shi ne ya wahala har ya gano ko tsohuwa za ta iya cin tunkiyarta. Kai da ka sa ni durƙusawa a bakin rami, yau kai ne ka yanke hukunci ba ka leƙa ba?"

Yayana ya juya ya fita. Kafin la'asar ya dawo yana jan rago mai ƙiba, ya kai wa mahauci, ya hura wutar da kansa. Aka yi walima sau biyu a yini ɗaya, ta biyun ta fi ta farko armashi, har Inna Najiya ta ce in haka ne ya riƙa yi mata kuskure duk shekara. Amma ran Talata bai je zaure ba. Talata ta gaba ma haka. Yana aiki shiru, har masu zaitun suka aiko tambaya ko ba shi da lafiya.

A mako na huɗu sai ga Dunash a marina, shi kaɗai, bai ko toshe hanci ba. Yana riƙe da takarda.

"Sannu da aiki, Barhun."

"Yawwa ɗan alharini. Ka ɓata hanya ne?"

"Malam ne ya aiko ni. Babin Asabar ya kai Sikiliya, wani babban malaminsu ya rubuto shafi huɗu yana ragargazarsa. Ya ce wa ya gaya wa Malam karofi ba shi da wuta, su nasu marinan suna sa garwashi. Ya ce mun halatta haram. Ni na rubuta raddi mai zafi, da hujjoji goma sha ɗaya. Malam ya karanta ya ce ya yi kyau, in ajiye, in zo in tambaye ka."

Na zaci Barhun zai ce mutanen Sikiliya ba su san rini ba. Sai ya ajiye muciya ya ce:

"Ban taɓa ganin karofinsu ba. Ba zan ce komai ba sai na ji daga wanda ya gani."

Su biyu suka shiga gari, marini da ɗan alharini, suna bin masaukin fatake ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu suka yi kafin suka samu wani mai sayar da cuku daga Sikiliya wanda kawunsa marini ne. Mutumin ya ce can sanyi ya fi namu, baba ba ya nuna da hunturu, don haka a manyan randuna suke yi, su kewaye gindinsu da garwashi.

Barhun ya wuce kai tsaye zauren Malam, ya shiga da tsohuwar muryarsa.

"Malam, malamin Sikiliyan nan yana da gaskiya! Mu ma muna da gaskiya! Nasu da wuta, namu babu."

"Sannu da zuwa," in ji Malam, kamar jiya suka rabu. "Zauna, babi uku suna jiranka."

Malam ya rubuta amsa mai taushi. Ya gode wa malamin Sikiliya, ya ƙara layi a littafin cewa inda ake ɗumama baba da garwashi, a kwashe garwashin kafin rana ta faɗi, kowane gari da yadda marinansa ke yi. A ƙarshe ya ce wannan bayani ya same shi daga Barhun ɗan Ukba na Kairawan, wanda a wannan fanni shi ne malaminsa. Dunash ne ya kwafa da hannunsa. Tun daga tafiyar nan tasu suka zama abokai, irin abokan da ba sa gaisawa sai da zagi. Dunash ya aurar da 'yarsa cikin alharinin da Barhun ya rina, ya kuma ce launin bai kai na Bagadaza ba.

Ran da aka gama littafin an yi walima a farfajiyar majami'a, da soyayyen kifi da dabino da ruwan inabi. Malam ya rayu shekara biyu bayan haka, ya rasu yana tsakiyar amsa wata tambaya daga Fas. Barhun na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Bayan wasu shekaru Larabawan daji suka kewaye Kairawan, gari ya watse, muka kwashi iyali muka koma Mahadiyya a bakin teku. Muka haƙa ramuka uku, 'ya'yanmu suka karɓi aikin. Ƙafafun Barhun sun gaza, sai ya zauna a ƙofar gida yana ba su umarnin da ba sa bi.

A nan ne wata rana da azahar wani baƙo ya yi sallama, mutum mai kamala da babban rawani, alƙali ne daga Masar jirginsa ya tsaya shan ruwa. Barhun yana zaune a kan tabarma da kwanon wake a cinya, suna musu da Surura a kan gishiri.

"Don Allah ina neman gidan babban malami, Barhun ɗan Ukba," in ji baƙon. "A makarantarmu muna karanta sunansa a babin Asabar. Na yi alkawari in na zo yamma sai na sumbaci hannunsa."

Surura ta saki ludayi ta kama ciki don dariya.

"Ga shi nan, bawan Allah. Ga babban malamin, wake a gemu."

Baƙon ya dubi tsohon, ya dubi hannuwan, ya rasa yadda zai yi. Barhun ya matsa masa wuri a tabarma.

"Zauna, kada ka sumbaci komai, ka ci wake. Ni marini ne. Malamin ya rasu, shi ya kamata ka gani." Ya ce a ƙaro cokali. "Yanzu gaya mini, ku a Masar da me kuke ruɓar da baba? Na ji an ce dabino kuke zubawa."

"Wallahi ban sani ba," in ji alƙalin.

"Kana karantar da babin, ba ka taɓa zuwa marina ba?"

Alƙalin ya yini a gidanmu. Barhun ya sa jikokinsa suka ɗauke shi a kujera zuwa bakin ramuka, ya sa baƙon ya naɗe hannun riga ya tsoma zare da kansa. Da yamma ma'aikatan jirgi suka zo nemansa, ya tafi da damin zare shuɗi a hammata da alkawarin zai rubuto yadda marinan Masar ke yi. Ya kuwa cika. Wasiƙar ta iso da bazara, Dunash, wanda shi ma ya koma Mahadiyya, ya zo ya karanta masa ita sau biyu, Barhun ya ce akwai wuri ɗaya da bai yarda ba, a rubuta a sake tambaya. Ya rasu cikin kakar shekarar, yana da shekara saba'in da takwas. Surura ta bi shi bayan wata bakwai, aka binne su kusa da juna a kan tudun da ke kallon teku.